Rodin Baba Dallatu Bai Huce Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Litinin, 6 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Baba Dallatu Sale, mai lambun da ke bayan rukunin gidajenmu a Utako, bayan jinyar kwana tara. Ina cikin aji, alli a hannuna, ɗansa Murtala ya kira ni. Bayan azahar aka yi masa sallah, aka kai shi makwancinsa. Shekarunsa saba'in da ɗaya.

Baba, kai nake wa magana, ko da yake na san masu rai ne za su karanta.

Baƙon da ya shigo unguwar nan bana ba zai yarda cewa lambun nan juji ne a da ba. Shekara shida da suka wuce, duk mai bi ta wurin sai ya toshe hanci. Kowa na zubar da shara, kowa kuma na zagin masu zubarwa. Sai ga ka, ka yi ritaya daga aikin lebura a wata gonar gwaji a Sheda, ka tare wurin ɗanka, zaman falo ya gagare ka. Ka ari baro da shebur. Wata biyu kana tsince leda da kwalba kai kaɗai, mutane na cewa tsufa ya taɓa ka.

Daga nan ka fara bin gidaje da bokiti, kana roƙon abin da ba a taɓa roƙo ba: ɓawon doya, ɓawon ayaba, ƙwanson ƙwai. Kullum da safe kana kasuwar Utako, masu tumatir da kabeji suna ware maka wanda ya lalace, suna tsokanarka: "Ogan ruɓaɓɓe ya iso!" Kai kuma ka amsa: "Ku dai ku tara, watarana za ku saya a hannuna." Sun kuwa saya. Kashin shanu kake karɓowa daga wani makiyayi a bakin gari, ka ba shi ganyen kabeji ya kai wa dabbobinsa.

Da wannan ka gina tsibin taki. Da takin ka fitar da alayyafo, kuɓewa, yakuwa, tattasai, da ganyen miya na ugu saboda maƙwabtanmu 'yan kudu. Ba ka taɓa yi wa lambun ƙofa ba. Matan da suka shekara suna wuce juna a matakala ba gaisuwa, a bakin kunyoyinka suka san sunan juna.

Ni malamar kimiyyar noma ce, da digirina, da zumuɗina. Ranar da na fara kawo maka ɗalibaina na zo da ma'aunin zafi, ina ta bayanin ƙananan halittun da ke narkar da shara. Ka saurara har na gama. Sannan ka zaro wani tsohon rodi da ke soke a cikin tsibin, ka miƙa wa yaran su taɓa ɗaya bayan ɗaya. Ka ce in rodin ya yi zafi, takin na dahuwa. In ya yi sanyi, ya yi barci, sai a juya shi. In ya fito a jiƙe yana ɗoyi, to ya shaƙe. "Taki rai gare shi, Malama. Numfashi yake yi." Dokokinka biyu ne kawai: kada mai ko nama ya shiga, kada kuma a toshe masa iska. Abin da na kwashe zango guda ina koyarwa, yaran sun riƙe shi da tafin hannunsu a safiya ɗaya.

Akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi, yau zan sauke.

Daminar shekara biyu da suka wuce ka tafi Kwali biki na mako guda, ka bar mini amanar tsibin. Ya zo daidai da walimar ƙarshen zango a makarantarmu. Shinkafa da miya da ƙasusuwa suka yi saura tuli. Na ce ai asara ce a zubar, na sa aka juye su a kan takin. Da na ga ƙudaje sun fara taruwa, ga iyayen yara za su zo ganin lambun, sai na lulluɓe shi da baƙin tamfol, na danne gefuna da duwatsu. Dokokinka biyu na karya a yini ɗaya, ina ganin na fi ka sani.

Kwana huɗu, unguwa ta ɗauki ɗoyi. Madam Christina, shugabar ƙungiyar mazauna, wadda tagar kicin ɗinta ke fuskantar lambun, ta kira taro a rufe wurin. Ka dawo, ka ɗaga tamfol, ka dube ni, ka ce a hankali: "Kin shaƙe shi." A wurin taron kuwa ka miƙe, hula a hannu, ka ce kuskurenka ne, tsufa ne, a yi maka afuwa. Ina zaune a kujera ta biyu, na sunkuyar da kai, na bar ka ka sha faɗan. Daga baya ka ce mini: "Ke yara na kallonki. Ni in an zage ni me zai ragu?" Na karɓi wannan uzuri saboda ya yi mini daɗi. Mako guda ka yi kana baza takin, kana barbaɗa toka da garin katako, har warin ya mutu.

Asabar ɗin da ta wuce, kwana biyar da rasuwarka, aka sake zama. Wasu suka ce a share lambun, a zuba siminti, a sami wurin ajiye motoci. Hujjarsu ɗaya ce: shi kansa mai abin, da ransa da lafiyarsa, ya taɓa korar mu daga gidajenmu da wari, balle yanzu da ba ya nan. Baba, laifina ne za a rushe aikinka da shi, kuma da sunanka. Na miƙe, na faɗi komai: shinkafar, tamfol ɗin, da shirun da na yi.

Madam Christina ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama Suwaiba, sai yau? Tagata fa tana kallon wurin. Da idona na ga kin ja tamfol ɗin nan. Baba ne ya zo har gida ya roƙe ni in rufe baki. Shekara biyu ina jira in ji daga bakinki."

Sannan ta juya ga jagoran masu maganar siminti: "Oga, kafin ka kawo tifa, zo mu je mu ga ko abin ya mutu."

Muka fita gaba ɗaya. Tsibin ƙarshe da ka haɗa kafin a kai ka asibiti yana nan, rodinka a soke inda ka bar shi. Na zaro. Baba, da ɗumi. Mako biyu rabon hannunka da shi, amma yana ta dahuwa. Na miƙa wa Madam Christina, ta miƙa wa na kusa da ita, ya zagaya hannu zuwa hannu har ya kai ga wanda ya kawo shawarar simintin. Ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya tambaya wace rana ake juyawa. Na ce yau, Asabar. Ya naɗe hannun rigarsa.

Lambun ya tsira. Ni ce zan riƙa duba rodin, kuma duk ajin da na kawo, zan fara da ba su labarin tamfol, da bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, Inna Zulai, da Murtala, da Khaula, da jikoki, da masu kayan gwari na Utako da har jiya suka ware kwandonka. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Dallatu, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka yalwata kabarinsa, ka sa kowane ganye da aka tsinka a lambun nan ya zame masa sadaka mai gudana. Ka saukar da shi a lambunan Aljanna Firdausi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Suwaiba Zakiyyu
Utako, Abuja