Kifin Rabi Bakwai, Daga Goronyo Zuwa Rabah

Goronyo

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, munka tashi. Aiki ne ya mai da ni Rabah, kaya duk sun riga mu, har da matata Rabi. Saura kifinta bakwai na akwatin gilashi. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye, su take wuni kallo daga kan gado, musamman wani ja da take kira Alhaji. Na yi mata alkawarin za su iso da rai.

Na hana su abinci tun jiya don kada su ɓata ruwa a hanya. Na sa su a bokiti mai murfi da na huhhuda, na cika jarka biyu da tsohon ruwansu, na naɗe akwatin da katifa. Sahabi direba ya dube ni rungume da bokiti, ya ce, "Malam, ko amarya ba a yi wa haka."

A shingen farko ɗan sanda ya leƙo. "Mi ag ga bokiti?"

"Kihi."

"Wanga ai ko miyar mutum guda bai yi." Ya sake mu.

Wurno

Bakwai da kwata taya ta fashe, ramuka sun gama da bayana. Munka lallaɓa gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Na aje bokitin a inuwar rumfa, na bi Sahabi wurin mai faci. Kuskurena guda: na gaya mata kifin ba su ci komai ba tun jiya.

Tara saura munka dawo, na tarar ruwan ya yi fari fat. Kifi suna ta buɗe baki a sama.

"Gwaggo, mi kinka zuba?"

"Hura, ludayi biyu kacal. Baƙo shi shigo gidana da yunwa shi hita da yunwa? Haba, ɗana!"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Wa zai yi wa Gwaggo faɗa? Na kwashe su da hannu zuwa ruwan jarka, amma uku sun riga sun juya ciki sama.

Rabah

Sha ɗaya da minti goma munka iso, rana ta buɗe, na gaji liƙis. Na haɗa akwatin a gaban gadon Rabi, na juye sauran ruwan, na saki huɗun. Ta ƙirga da hannunta mai lafiya, ta sake ƙirgawa.

"Ina Alhaji?"

Na dubi akwatin, babu jan a cikin huɗun. Ba ta yi kuka ba, ta ce dai in juya ta ta fuskanci bango.

Na gode wa Allah da Ya kawo mu lafiya, na gode wa Sahabi da haƙurinsa. Bayan La'asar Gwaggo ta bugo waya, murya cike da murna, tana tambaya ko baƙinta sun ƙoshi. Na ce mata sun ƙoshi.