Hoton Malam a Kwamfutar Binta

Jama'a, yau na ga abin mamaki!

Hoton maigidana, marigayi Malam, guda ne ya rage, wanda aka ɗauka a kasuwar auduga ta Funtua zamanin soja. Gara ta cinye na takarda, sai na cikin kwamfutar autata Binta. Yau kwamfuta ta ƙi motsi! Muka garzaya wurin Tunde mai gyara.

Ya ce, "Hajiya, manhajar kashe cutar kwamfuta har uku aka zuba. Faɗa suke da juna."

Binta ta ce, "Don ƙarin tsaro ne."

Na ce, "Rufe min baki! Ubanki ya taɓa sa masu gadi biyu kan audugarsa a Maska. Suna gardamar wa zai zagaya, shanu suka tattake rabi."

Tunde ya cire biyu, ya bar mara nauyi. Nan take hoto ya buɗe! Ya ƙara girmansa. Can bayan Malam, ga wata da goyo da ƙwaryar fura, tana ƙyalƙyala dariya. Wallahi ni ce! Ban taɓa lura ba.

Binta ta ce, "Inna, ashe kin iya dariya?"

Na ce, "Ɗauki kayanki mu tafi."