Motar Baba Ta Ƙi Tashi, Inna Ta Ƙi Cin Abinci

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Baba makwancinsa, amma har yau motarsa ce ke raba mana abin kari a gidanmu na Kagarawal.

Tsohuwar mota ce, ta girme ni. Kullum da safe Baba zai tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta. In ya ga ɗigo a ƙasa sai ya dangwala da yatsa ya shinshina, ya ce mai ne ko ruwa. Tanki ya tsage, ya murza masa sabulu. Lagireto ya ƙafe, ya ɗura masa ruwa buta guda. Sannan ya zuƙo mai ta tiyo da bakinsa, ya tofar, ya ba ta wuta. Da ta tashi sai mahaifiyarmu, Inna, ta sauke koko. Haka suka rayu.

Yanzu tsufa ya cinye tunanin Inna. Ta manta Baba ya rasu, wataran ni ma sai ta tambaye ni ɗan wane ne. Abu ɗaya ta riƙe: ba a karyawa sai Malam, wato Baba, ya ɗumama mota. Don haka na gaji tsugunon nan, ni da ban san bambancin fulogi da kafireta ba.

To, motar ta gaji. Mai na zuba ta inda sabulu ba ya kamawa, har tsoron hura wuta muke a tsakar gida. Ruwan da na zuba jiya, yau babu shi, kuma ƙasa a bushe. Bakaniken da na ɗauko daga Dawaki ya duba ya ce, "Yallaɓai, cikin inji ruwan ke shiga. Kayan wannan kuwa ko a bola ba ka samu." Da Baba na nan da ya yi masa dariya, ya ce yaran yanzu sai na'ura ta faɗa musu ciwon mota. Ni ban yi dariya ba, kuka ya zo mini.

Na gwada dabara. Na kunna mata ƙarar motar da na taɓa ɗauka a waya. Ta saurara, ta ture kofin, ta ce, "Auta, ban ji warin hayaƙi ba. Bari Malam ya gama."

Tun shekaranjiya motar ba ta ko yi tari ba, Inna kuma ruwa kawai take kurɓa. Wallahi tsoro nake ji.

Mutane na cewa Baba ya bar suna mai kyau, kuma gaskiya ne, Allah Ya jiƙansa. Amma abin da ya rage nasa a zuciyar matarsa ƙarar inji ce da warin hayaƙi, su ma suna shirin bin sa. In akwai tsohon bakanike a Gombe da hannunsa ya san irin waɗannan motoci, don Allah ya zo. Ba sai ta yi tafiya ba. Ta tashi kawai, Inna ta ci abinci.