Wanda Ke Shiga da Sunana Ranar Asabar

A shekarun da duk inda ka juya a Abuja sabon gini ake ɗorawa, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, hawa na huɗu. A nan na buɗe wani zaure a intanet don 'yan garinmu mazauna Abuja. Ana sanar da haihuwa da rasuwa, ana cigiyar gidan haya, wasu kuma suna saka tsofaffin hotunan gari. A ƙasan shafin farko na yi wani ɗan akwati mai nuna waɗanda ke ciki a lokacin: sunan mutum, da shafin da yake karantawa. In ya jima bai motsa ba, sunan sai ya ɓace.

Na fi kallon akwatin nan a kan rubuce-rubucen. Na san wanda ke leƙa shafin neman aiki alhali shi darakta ne, na san wadda ba ta taɓa cewa uffan ba amma kullum tana nan.

Daga baya aka mayar da ni wani reshe a Idu. Kwamfutar da nake aiki da ita ta zauna a tsohon ofis, an lulluɓe ta da leda.

Wata Asabar bayan azahar na shiga wani kafen intanet a Jikwoyi, kusa da gidana. Na buɗe zauren, ban ko rubuta kalmar sirrina ba, sai na ga sunana a cikin akwatin. Wai ina karanta shafin tsofaffin hotuna.

Na ɗauka tangarɗar na'ura ce, na sake loda shafin. Sunan ya matsa zuwa hotuna na gaba. Na miƙe na bi allunan kwamfutocin mutanen da ke kafen da ido, har mai wurin ta tambaye ni ko wani abu na yar. Da na shiga a matsayin mai kula da zaure, na duba inda ake shigowa da sunan nawa. Daga ma'aikatarmu ne, wadda ranar Asabar ko mai shara ba ya zuwa. 

Matata ta ce in canza kalmar sirri in yi addu'a, magana ta ƙare. Addu'ar na yi, kalmar ban canza ba. Asabar uku ina zama a kafen ina kallon kaina ina yawo. Ko wane ne, bai taɓa rubuta komai ba. A hankali yake tafiya, hoto ɗaya sai ya daɗe a kansa. Sau ɗaya ya buɗe saƙonnina na sirri, ya jima, ya fita.

Asabar ta huɗu na tafi ma'aikatar. Ƙaramar ƙofar get a buɗe take, ba kowa a ɗakin masu gadi. Lif a kashe, don haka na bi matakala, takalmina na amsawa a kowane hawa. A hawa na huɗu duk ƙofofi a kulle suke sai tawa. Ta tsagar ƙofar na hangi ledar an ninke ta tsaf a kan kujera.

Wani dattijo ne zaune a teburina cikin kakin masu gadi, da tabarau ɗaure da zare. Na san fuskarsa. Shekara uku ina ɗaga masa hannu daga cikin mota. Bai firgita ba. Ya cire hularsa ya ce, “Sannu da zuwa, Yallaɓai. Yaya ƙafar Hajiya?”

Ciwon ƙafar mahaifiyata ƙanena kaɗai na rubuta wa, a cikin saƙonnin nan. Amma ba wannan ya fi tsayar da ni ba. Hausarsa ce. Ba irin ta Abuja ba ce da ake ce wa mace “ka zo”. Hausar garinmu ce sak, har yadda muke jan ƙarshen gaisuwa.

Na ce, “Baba, daga ina kake?”

Ya ce asalinsa daga kan duwatsun tsakiyar ƙasa ne, Kirista ne, amma ya fi shekara ashirin yana kafinta a garinmu. Wata safiya da rikici ya tashi ya fito da matarsa da 'ya'yansa, bai sake komawa ba. Yanzu yana Orozo, nan gefen Abuja, yana ɗan noman doya in ba shi da aiki. Wata Asabar ya hawo kashe soket, ya tarar wani akawu ya bar kwamfutar a kunne tun Juma'a. Yana taɓa ta sai ga kasuwar garinmu a allo. Ban taɓa fita daga zauren a kwamfutar ba, shi ya sa take shiga da sunana. 'Yarsa ta koya masa sauran. Saƙonnina kuwa, ya ce kuskure ya buɗe su, sai dai da ya fara karantawa bai daina ba, kuma yana neman afuwa.

Ya nuna mini wani hoto, gida mai shuɗiyar ƙofa a bayan makarantar firamare. Shi ya kafa ƙofar, in ji shi. Bencinan da muka zauna a kai a makarantar ma aikinsa ne.

Sannan ya gangaro ƙasan shafi, wurin akwatina. Mutum biyar ne a ciki, har da ni. Yawancinsu laƙabi suke amfani da shi, amma daga rubutunsu ya gane gidan da kowa ya fito. Ya ɗora yatsa a kan suna na biyu ya ce uban wannan ne ya ɓoye su kwana biyu a rumbu. Ya sauko kan na uku, wani bawan Allah da kullum shi ke fara yi wa zaure sallama da safe, da nasiha a kan zumunci. Yatsan ya tsaya a nan.

Na ce, “Shi fa, Baba?”

“Shi ma na san shi,” ya ce. “Na gan shi ranar rikicin, cikin waɗanda suka taru a ƙofar shagona.”

 Muna kallo sunan ya koma shafin hotuna, wurin da muke.

Na ce in buɗe masa nasa sunan, ya riƙa shiga yadda yake so. Ya girgiza kai, ya ce in sunansa ya fito a can ƙasa za su gan shi, amma a cikin nawa ba mai tambaya. Ya roƙi in bari ya ƙarasa hotunan, saura shafi biyu. Na jawo kujera na zauna har ya gama. Ya kashe kwamfutar, ya mayar da ledar, muka sauko tare, shi a gaba da makullai.

Kafin wata ya cika aka kwashe tsofaffin kwamfutoci zuwa sito, aka kuma sauya kamfanin masu gadi. Na tambayi sababbin, ba wanda ya san shi.

Da babbar salla 'yan zauren suka haɗa walima. Mai sallamar safiya ya zo da farar babbar riga, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana yaba ƙoƙarina. Faranti ɗaya aka zuba mana, ya riƙa tura mini tsokar da ta fi kyau. Na ci kaɗan, na ce ina da baƙi a gida, na tashi kafin a yi addu'ar rufewa.