Ranar da tsofaffi suka yanke dawar Sahuda

Na zauna a Marwa, na yi aiki a Njamena, na ga yadda ake jarraba yara da Faransanci da Larabci. Amma jarrabawar da ta zauna mini a rai har abada, a nan Mubi aka yi ta, kuma ban ma shiga ɗakin ba.

Yaron ɗan wani abokina ne da ya rasu. An ɗauke shi a wata kwalejin koyon sana'a bisa sharaɗi: ya sake rubuta lissafin da ya faɗi, in bai ci ba a sallame shi. Kowa cewa yake ba shi da ƙwaƙwalwa.

Ana jibi jarrabawa na je ƙauyensu Sahuda, na tarar da shi a gona da lauje a hannu.

"Kai, ba jibi ba ne?"

"Baba, na fasa. Dawa ta nuna, shanu sun fara saukowa. In na tafi, wa zai yanke wa Mama?"

Mahaifiyarsa ta ce mini da yaren Gude, cikin sanyin murya, ita ba ta hana shi ba, amma ba ta da wani. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: jarrabawar farko ta faɗo masa a tsakiyar shuka, ta biyu a tsakiyar girbi. Duk ƙasar da na je, ban ga inda mai tsara ranar jarrabawa ya tambayi gona ba.

Na karɓe laujen. Na bi tsofaffin abokan mahaifinsa, na masallaci da na coci, na ce gayya ce. Har wani dattijo Bafulatani ya zo, yana dogara sanda.

"Ni da ake tsare gonar nan saboda shanuna, yau ni ne mai yanka!" in ji shi.

"Yanka dai, Baffa," wani ya ce, "kada ka ɓoye wa shanunka rabi."

Muka yi dariya, amma gwiwoyinmu sun ji jiki. Yaron kuwa ya samu wuni guda cur da littafinsa, abin da bai taɓa samu ba.

Ranar jarrabawa da la'asar ya sauko daga mashin, bironsa a aljihu. Ya ga dawa a tare, ya ga furfura cikin ƙaiƙayi. Ya durƙusa ya gaishe mu.

Ya ci jarrabawar, da ƙyar, amma ya ci. Kwalejin ba ta sallame shi ba.

Tun daga ranar, in aka ce mini yaro ya sake faɗuwa lissafi, ba na fara tambayar ƙwaƙwalwarsa. Tambayata ita ce: wa ke riƙe masa lauje?