Almustafa Mai Hoto a Bakin Teku

Almustafa mutumin Damagaram ne, kuma kafin ya zo Riyad da ɗaukar hoto yake cin abinci. Yana da ɗan shago kusa da kasuwa, da labule mai zanen jirgin sama, da kujerar ƙarfe guda. A wancan lokacin idan dattijo zai ɗauki hoto, wanka yake yi ya sa babbar riga, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya dubi kyamara kamar yana gaban alƙali. Da wayoyi suka cika gari sai shagon ya mutu a tsaye. Almustafa ya sayar da labulen da kujerar, ya bar matarsa Zouera da yara a gidan mahaifinsa, ya bi hanyar da sa'o'insa suka bi. Kyamarar kaɗai ya ƙi rabuwa da ita.

A Riyad kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya sa shi a wani kamfanin kwali a Birnin Masana'antu na Biyu. Ya jera kwalaye, mota ta zo ta kwashe, ya sake jerawa. Ranar Juma'a da babu aiki yakan rataya kyamara ya je inda Hausawa ke suna ko walima, ba da sanin kafili ba. A nan ya koyi raina mutane. Ya ga magidanci na tsuke tumbi har numfashinsa na sarƙewa, ya ga mai aron agogo, ya ga samari na jingina da motar da ko tayarta ba su isa su saya ba, don a tura gida a ce an samu duniya. Ya danna, ya karɓi abin da aka miƙa masa, ya koma ɗaki ya ja tsaki.

A wajen wata walima Zainulabideen ya tare shi. Ɗan Kano ne, yana tsaron shagon turare na wani Balarabe, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi ne mudir, wato manaja. Ya ja Almustafa gefe, ƙamshinsa na hawa kai.

"Mai hoto, akwai babban aiki. Surprise zan yi wa yarinyata Fiddausi. A bakin teku zan durƙusa in fito da zobe in nemi aurenta, kai kuma ka ɓoye ka ɗauka."

"Wane teku kuma a Riyad?"

"Khobar za mu. Sammako kawai za a yi."

"Iyayenta sun san da kai?"

Zainulabideen ya yi dariya. Ai manyansa sun je Utaiqa, unguwar su Fiddausi, tuni, an kai goro, an yanka sadaki, har rana an sa bayan babbar salla.

"To me ya rage da za ka tambaye ta?"

"Kai ba za ka gane ba, mutumin ƙauye. Yanzu haka ake yi."

Almustafa ya dube shi tun daga takalmi har gashin da aka shafe da mai, ya ce Allah ya kai mu.

Juma'ar da ta biyo baya Zainulabideen ya kira shi gwaji a saman benen da yake haya, bayan la'asar, tsakanin tankunan ruwa da igiyar shanya. Ya tsayar da Almustafa a matsayin amarya. Ƙato da gemunsa ya zube a gaban wani ƙaton, yana tambaya wace gwiwa ce ta fi kyau a ƙasa, ta dama ko ta hagu. Ya gwada murmushi mai haƙora, ya gwada mara haƙora. Har hawaye ya yi ƙoƙarin matsowa, suka ƙi zuwa. Wani Bangali da ya hau kwashe shanyarsa ya gan su, ya juya da sauri bai ɗauki ko singileti ba.

Ana gobe tafiya, Almustafa na hutun azahar a kamfani, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, Hausarta a karye, Larabci na tsallakowa ciki.

"Ammu Mustafa? Ni ce Fiddausi. Na san komai, ƙanena Mukhtari ya faɗa mini. Amma kar ka gaya wa Zain na sani."

A Utaiqa aka haife ta, mahaifinta tela ne a can. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta gefen hagu zai ɗauke ta, don kumatunta na dama ya fi girma. Idan lokacin rufe baki da hannu ya yi, ya ɗaga mata yatsa. Kuma ya tabbatar ƙunshinta ya fito, don saboda wannan ranar aka yi shi. Zoben ma, in ji ta, ita ta nuna wa Mukhtari irin wanda take so, shi kuma ya kai wa Zain shawara kamar daga kansa.

Almustafa ya kashe wayar ya zauna a kan kwali. Ga shi riƙe da sirrin mutum biyu, kuma babu ɗaya a ciki da ya kai a riƙe.

Suka bar Riyad da asuba, shi da Zainulabideen, a motar haya da aka cika da tarkace: furannin roba, kyandirori, jan kafet, da wasu manyan haruffan Turanci masu fitila. Hanya ta miƙe cikin yashi kamar ba za ta ƙare ba, ango na ta maimaita jawabinsa. Da suka isa aka buɗe but, kyandirorin sun narke sun haɗe wuri guda. Iskar teku mai danshi ta lulluɓe gilashin kyamara da raɓa. Almustafa da aka ɗauko don hoto, shi ya shimfiɗa kafet, shi ya jera furanni, iska na kwashewa yana bin su da gudu, iyalan Larabawa da suka fito shan shayi na kallonsa. Zainulabideen kuwa na cikin mota da sanyin na'ura, kada zufa ta ɓata masa farar jallabiya.

Wajen la'asar Mukhtari ya iso da Fiddausi da gwaggonsu Hajiya Biba, wadda ta ce ba inda yarinya za ta ba tare da ita ba. An ce musu wai yawon shan iska ne. Hajiya Biba ta dubi kafet ɗin a kan yashi, ta dubi haruffan, ta nemi inuwa ta zauna da carbinta.

Almustafa ya laɓe bayan wata rumfa. Zainulabideen ya zube da gwiwar dama. Almustafa ya ɗaga yatsa. Fiddausi ta kai hannuwa baki, ta zaro ido, ta ce, "Ya Allah!" kamar wadda aka ce ta ci kujerar Makka. Suna gamawa dukansu biyu suka rugo su ga hoton. Shi ya ce hancinsa ya yi faɗi. Ita ta ce mayafinta ya karkace. Aka koma aka sake ba-zatar. Aka kuma sakewa.

A wani karon Zainulabideen ya ce su matsa dab da ruwa, don teku ya fito sosai. Ya durƙusa, ya buɗe akwatin, sai ga igiyar ruwa ta taso ta dake shi har ƙugu. Fiddausi ta yi tsalle baya ta buge masa hannu, zoben ya faɗa cikin kumfa.

"Kar ki motsa!" ya daka mata tsawa. "Ke wace irin sakarya ce? Kin san wahalar da na sha a kan zoben nan?"

Ta mayar masa da Larabci, da saurin da bai iya bi ba, amma kowa ya ji inda ta kira shi mai gadin kwalaben turare. Ya miƙe jallabiya ta manne masa a jiki, ya nuna ta da yatsa har yana kusan taɓa idonta. Bakinta ya murɗe da raini. Hannun Almustafa bai bar dannawa ba. Tun da ya zo ƙasar nan bai ɗauki fuskokin da suka kai waɗannan gaskiya ba.

Mukhtari ne ya lalubo zoben da ƙafa. Aka wanke shi da ruwan gora, ango ya sauya riga a mota, amarya ta gyara kwalliya. Suka dawo kan kafet, ya durƙusa, ta rufe baki, ta ce, "Ya Allah!"

Ana tattara kaya Hajiya Biba ta yafito Almustafa.

"Bawan Allah, kawo in gani."

Ya rusuna ya riƙe mata kyamarar yana wuce hotunan. Da aka zo kan yatsan nan da ke gaban idon 'yarsu, ta ce ya tsaya. Ta daɗe tana kallo. Almustafa ya ɗauka yau za a ji magana.

"Goge wannan, da duk masu kama da shi," ta ce. "An riga an sa rana."

Ya goge su a gabanta.

Hoton da suka zaɓa ya zaga wayoyin Hausawan Riyad, har Kano ya je. An ɗaura aure bayan salla a wani babban zaure, aka ɗauko masu hoto na kamfani da fitilunsu, Almustafa ko katin gayyata bai gani ba. Amma tun daga lokacin samari ke kiransa, direbobi da 'yan gini, kowa na son irin na Zain. Yakan ce musu su tanadi mota da abin karin kumallo, kuma kada wanda ya zo masa da kyandir.