Ranar da Na Nitse a Cikin Daron Wanki

Maɓalli ɗaya na danna, shi ne duk laifina. Na danna shi ina zaune cikin daron wankin Inna, a tsakar gidanmu da ke Unguwar Rogo, da muciya a hannuna ina tuƙa jirgi a kan busasshiyar ƙasa.

Yayana yana aiki a jirgin ruwa a Legas. Duk layinmu shi kaɗai ya taɓa ganin teku. Mu iyakarmu gulbin Rima, wanda da rani akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa gwiwa ba. Da ya zo hutu ya ba mu labarin wani tsohon Bature da ke zagaya duniya shi kaɗai a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Guguwa ta karya masa jirgi, ruwa ya fara shiga, sai ya kunna na'urar neman ceto. Na'urar ta aika saƙo sama ga tauraron ɗan'adam, masu ceto suka gani, suka kira jirgin da ya fi kusa, aka yi sa'a na su Yaya ne. Suka bar hanyarsu suka je suka ɗauko shi. Yaya ya ce shi dai abin da ya yi ranar bai wuce riƙe igiyar tsani da kai wa mutumin shayi ba.

Kafin labarin ya isa makaranta a bakina, Yaya ya daka tsalle cikin teku, ya shaƙe kifi mai girman motar haya, ya goyo Baturen ya yi iyo da shi har Legas. Abokaina suka ce wanda ya iya wannan ƙarya ba ya bukatar sana'a.

Bayan ya koma aiki sai na tsinci wata 'yar jaka da ya manta a bayan katifa. A ciki akwai irin na'urar nan, ruwan ɗorawa, ba ta kai tocila girma ba. Ya taɓa nuna mana ita. Ya ce kowane ma'aikaci na da tasa maƙale a rigar ceto, da sunansa aka yi mata rajista, lambar Inna kuma ya bayar a matsayin wadda za a kira in wani abu ya same shi. Na ji wannan bayanin da kunnuwana biyu. Ba zan ce ban ji ba.

Ranar da Inna ta tafi suna Ƙofar Marke, na tara abokaina. Na shiga daro na zama Bature, ɗayansu yana watsa mini ruwan buta a matsayin guguwa, ni kuma ina ihu da wani Turanci da ko Baturen ba zai gane ba. Na miƙe eriya, na ɗaga murfi, na danna. Wata 'yar fitila ta fara walƙiya. Muka yi dariya har da faɗuwa. Da dariya ta ƙare na nemi yadda ake kashe ta, na rasa. Abokaina nan take kowa ya tuna an aike shi. Na jefa ta cikin babbar tukunyar ƙarfe ta biki, na rufe, na tura ƙarƙashin gado.

Inna ta dawo bayan la'asar, ko mayafi ba ta cire ba wayarta ta yi ƙara. Ta ji wani mutum yana Turanci, sai ta miƙa wa yayata. Na ga fuskar yayata tana canjawa.

"Mi anka ce?" in ji Inna.

Yayata ta ce, "Daga wurin aikin Yaya ne. Wai na'urar cetonsa ta yi ƙara. Da safe ya shiga ƙaramin jirgi za su kai kaya, wayarsa ba ta shiga, kuma na'urar ba ta nuna inda take ba."

Inna ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye. Ba ta yi ihu ba. Salati ta yi ta yi, hannunta a ƙirji.

Lokacin ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Na ce a raina bari in jira, wataƙila abin ya gaji ya mutu da kansa. Maƙwabta suka shigo, aka shimfiɗa tabarmi. Kawu ya zo daga Ƙofar Taramniya da takalmi wari daban-daban. Mutumin ya sake kira ya ce sun tura jirgi nema. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ga na rakuɓe a gefe, ta jawo ni ta dafa kaina.

"Allah sarki, ku dubi wanga yaro. Duk rashin jin nan nashi, ashe yana da tausayi. Yi haƙuri ɗana, Allah shi fito da shi."

Har ruwa ta ba ni a kofi. Na sha. Wannan ruwan shi na fi jin kunyarsa har yau.

Abin da ya ɗaga ni maganar Inna ce. A hankali ta ce wa Kawu, "Ni na ce ya tahi. Babansu bai so ba, ni na matsa." Ta faɗa tana kallon ƙasa, kamar mai amsa laifi gaban alƙali.

Na shiga ɗaki na jawo tukunyar, na kawo ta tsakiyar tabarma, na ɗaga murfi. Fitilar na nan tana walƙiya abinta. Kowa ya leƙa. Kawu ya dube ni, ya dubi tukunya.

"Kai, mi nika gani haka?"

"Ta Yaya ce. Ni na danna."

"Tun yaushe?"

"Tun azahar."

Tsohuwar nan ta karɓe kofinta daga hannuna. Na so Inna ta mare ni, da na ji sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa yayata, "Kira su, ki gaya musu su maido jirginsu."

Mutumin ya bayyana wa yayata yadda ake kashe ta. Ya ce rufe ta da na yi cikin ƙarfe shi ya hana su gane inda take, da a fili na bar ta da tuni sun san Sakkwato ce, ba teku ba.

Yaya lafiyarsa ƙalau, bai ma san ana nemansa ba sai da jirgin nema ya tarar da su suna sauke buhunan shinkafa. Wurin aiki suka dakatar da shi saboda ya fita teku ba tare da na'urarsa ba, kuma bai faɗa wa kowa ba. Ya dawo gida ya zauna har bayan babbar salla kafin su sake kiransa, a wani jirgin daban, a matsayi ƙasa da nasa na da.